Mana Ta Ce, Masa Na Rubuta

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ke da duk masu bibiyar wannan shafi. Allah ya sa kuna lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a fara zagina, domin duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina ninkinsa, yanzu mafita nake nema. Ranar Alhamis mai zuwa za a sa ni rantsuwa da Alƙur'ani a gaban kotu a kan harafi ɗaya tak, kuma ni na san ƙarya na rubuta.

Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu, ina karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Da tallafin gwamnati na zo, kuma duk wanda ya taɓa dogara da irin wannan tallafi ya san yadda ake ƙarewa. Shekarar farko ana tunawa da kai, ta biyu a ce fayil ɗinka yana kan tebur, ta uku ko wayarka ba mai ɗauka. Maigidana yana buga-bugarsa a titin 'yan yadi da ake kira Jalan Tuanku Abdul Rahman, yana saro yadi da hijabai yana aika wa 'yan kasuwar Kano, da shi muke ci muke biyan haya, amma bai isa ya riƙe makaranta ba. Saura ƙiris makaranta ta sallame ni, har na fara tunanin wa zan bar wa tukwanena, sai ga sanarwa a zauren ɗalibai na WhatsApp cewa wata gidauniya tana neman ɗalibi ɗan asalin ƙaramar hukumarmu za ta ɗauki nauyinsa. Ƙaramar hukumarmu fa, wadda ko a taswirar jiharmu sai ka sa tabarau kake ganinta. A duk ƙasar nan ni kaɗai ce daga can. Ya kamata in tsaya in tambayi kaina me ya sa, tunda ruwa ba ya tsami banza, amma wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa yake. Na cike takarda, cikin sati biyu aka kira ni.

Mai gidauniyar wani attajiri ne ɗan Rasha da ke zaune a nan. Ba zan faɗi sunansa ba, zan ce masa Dattijon kawai. Labarinsa shi da kansa yake bayarwa, ba ya gajiya da shi. Ya ce da sayar da tsofaffin ƙarafa ya fara lokacin da ƙasarsu ta rikice, daga nan ya sayi masana'antar narka ƙarfe, sai takin zamani, sai jiragen ruwa, sai ya ɓata da abokin kasuwancinsa suka yi ta jan juna a kotunan Turai shekara da shekaru, har ya tattara ya bar gida ya dawo nan da zama. Yakan ce rabin rayuwarsa a wurin aiki ya yi ta, rabi a ofishin lauya. Yana da gidan marayu, yana biya wa yara aikin zuciya, ya gina ɗakunan karatu, kuma wallahi ba labari aka ba ni ba, na ga iyayen da suka zo suna kuka suna riƙe hannunsa. Sai da na shiga na fahimci cewa kamfanin da yake haƙar ma'adinai a bayan garinmu yana cikin kamfanoninsa, kuma rijiyoyin burtsatsen da aka haƙa mana da tankuna masu shuɗin fenti gidauniyarsa ce ta yi.

A nan dole in gaya muku wace ce Goggo. Yayar mahaifina ce, ita ta ɗauke ni ranar da aka yi bakwai ɗin mahaifiyata, ina da shekara huɗu. Sunan mahaifiyarta aka sa min, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, Uwata take ce min. Da kuɗin daddawa ta saya min takalmin makaranta na farko. Mace ce da ba ta zagi kuma ba ta ɗaga murya, amma in ta yi maka habaici sai ka kwana uku kana warware shi. In na ƙona tuwo cewa take, sannu da aiki Uwata, yau kam ko sarki ya samu abin ci. Duk wanda ya tashi a gidanmu ya san in Goggo ta fara yabonka da murya a kwance, to ka nemi inda ka yi laifi.

Tun kafin in san Dattijon, Goggo takan ba ni labarin rafinmu a waya. Ta ce tunda masu haƙa suka fara wanke ƙasarsu a sama, ruwan ya canza launi, kifi ya ƙare, shanu suka daina sha. Da aka yi kuka aka haƙa burtsatse, sai shi ma ruwansa yake barin ja a gindin bokiti, yana da ɗanɗanon ƙarfe a baki. Yara suka fara ciwon ciki da farfaɗiya. A gidanmu kaɗai jikokin Goggo biyu aka binne, ɗaya ma ni aka yi wa takwara. Duk na san wannan. Ina so ku rubuta a ranku cewa na sani, kada wani ya tausaya min ya ce rashin sani ne.

Bayan wata shida da fara ɗaukar nauyina, sai aka kira ni ofishinsu da ke Bukit Bintang, aka ce an ɗauko bidiyon mutanen gari suna magana a kan rijiyoyin, ana so in rubuta abin da suka ce da Hausa sannan in juya shi Turanci, za a sa a littafin gidauniya na ƙarshen shekara. Na ce wannan ai ba komai ba ne. Aka ba ni kwamfuta da abin sa wa a kunne. Mai gari ya yi godiyarsa ta masu gari, limami ya yi addu'a, wani malamin firamare ya karanta abin da aka rubuta masa. Ina buɗe na huɗu sai ga Goggo a tsaye gaban tanki, da mayafinta mai ruwan ƙasa wanda ni na aika mata, hannunta a kan famfo. Injin tura ruwa yana ƙara a bayanta, iska tana kaɗa makirfo, ga shi haƙoranta na gaba sun zube. Amma ni ko a cikin kasuwa Goggo ta yi tari zan gane ta. Ga abin da ta ce, na haddace shi kamar Fatiha:

"Sannunsa da ƙoƙari. Ruwa kam ya ba mu, babba da yaro mun sha, babu wanda bai ji a jikinsa ba. Abin da ya yi mana ba za mu manta ba, har jikokinmu. Allah ya saka mana."

Ku da kuke Hausawa sai na yi muku bayani? Akwai wanda zai ji tsohuwa ta ce babu wanda bai ji a jikinsa ba, ta ambaci jikoki, ta rufe da Allah ya saka mana, ya ce godiya take yi? Ai ƙara ce ta kai wurin Allah a gaban kyamararsu, su kuma suna murmushi suna ɗauka. Na zauna na fi minti ashirin ban rubuta ko harafi ba. Na kalli ofishin, na kalli matar da ta kawo min shayi tana ce min in sha kafin ya huce, na tuna wasiƙar makaranta, na tuna yadda zan koma gida ba digiri bayan shekara huɗu ana nuna ni ana cewa ga 'yar Goggo mai karatu a Malesiya. Sai Shaiɗan ya nuna min yadda abin yake da sauƙi. Jimloli ukun farko ko taɓa su ba sai na yi ba, in na juya su kalma da kalma Turanci da kansa zai wanke su, su fito tas kamar yabo. Ta ƙarshen ce kawai matsala. Na rubuta mana, na tsaya ina kallonta, sai na goge harafi ɗaya na sa wani. Allah ya saka masa. Na juya shi da cewa Allah ya ba shi lada. Na ce wa kaina littafin talla ne, wa zai karanta? Aka kawo wata takarda da ke cewa fassarata daidai ce iyakar sanina, na sa hannu, na fito na hau jirgin ƙasan cikin gari mai bi ta saman gada na koma gida na dafa wa yara taliya.

Da littafin ya fito, hoton Goggo ne a bangonsa. Bai tsaya nan ba, aka buga shi ƙato aka manna a bangon ofis, fuskarta ta fi ƙofa tsawo, a ƙasa an rubuta maganar da na ƙirƙira da Hausa da Turanci da Rashanci. Duk wata sai na je ofishin nan na sa hannu, duk wata sai na wuce ta gaban idon Goggo. Kun san idon hoto, duk inda ka matsa yana binka.

Wata rana Dattijon ya gayyaci ɗalibansa cin abincin rana a wani gidan abincin Larabawa, bayan an gama muka biyo ta ofis. Ya tsaya gaban hoton, ya karanta Hausar da kakkauran harshensa, kowa ya yi dariya ya tafa. Da mutane suka ragu sai ya ce in tsaya. Ya ba ni labarin kakarsa, ya ce a ƙauyensu sai ta fasa ƙanƙara take ɗebo ruwa, shi ya sa maganar rijiya take taɓa shi. Sannan ya nuna Goggo da yatsa, ya yi magana da Turancinsa mai nauyi.

"Kakata tana yin irin wannan fuskar," ya ce, "amma sai in jami'an gwamnati sun zo tana yi musu godiya. Kin tabbata albarka wannan matar take sa min?"

Allah ya ba ni ƙofa a buɗe, ni da shi kaɗai, ba lauya ba kyamara. Na ce masa haka tsofaffinmu suke, ba sa dariya a hoto.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "To. Ke kika san harshenku." Ya juya ya tafi. Har yau ban sani ba ko gaskiya yake nema a ranar, ko kuwa so yake ya tabbatar kayan a kaina suke ba a kansa ba. Wani lokaci in ji na tsane shi, wani lokaci in ce ai shi ya tambaya, ni ce na rufe masa ido.

Ashe mutanen garinmu sun samu wasu lauyoyi masu kare irin waɗannan garuruwa, sun shigar da ƙara a Landan inda uwar kamfanin take da rajista. Lauyoyin Dattijon kuwa, mutanen da suka shekara ashirin suna shari'a, suka tattara duk abin da zai nuna gari ya gamsu da rijiyoyin, kuma babbar hujjarsu ita ce Goggo, domin sunanta yana cikin masu ƙara. Suka ce ga matar da take cewa an kashe mata jikoki, ga ta kuma da bakinta tana roƙa wa mutumin lada, wanne za a yarda da shi? Ɓangaren garinmu suka sa wani Bahaushe ya saurara, ya ce mana ta ce. Na Dattijon suka kawo nasu, ya ce ƙarar inji ta yi yawa, ba za a iya tantancewa ba. Za ku ce to a tambayi mai maganar mana. Wata huɗu ke nan da Goggo ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya shanye, bakinta ya karkace. Tana ji, tana gane mutane, amma kalma ɗaya ba ta fita.

Sai aka dawo kaina. Lauyan Dattijon ya kira ni ofishinsa, ya ce babu shaidar da ta kai ni, ita ta raine ni, ni na fi kowa sanin muryarta, kuma ba wanda zai ce 'ya za ta yi wa uwarta ƙarya. Ta bidiyo zan ba da shaida daga nan, tambaya ɗaya ce mai muhimmanci, mana ko masa. Har da ladabinsa ya tambaye ni da wane littafi nake so in rantse, ya ce in Alƙur'ani ne za su tanada, su ajiye shi a wuri mai tsabta. Na ce to. Ni dai wannan to ɗin ita ta kashe ni tun farko.

Tun ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In hau jirgi in wuce tashata sai na ga an kai ƙarshen layi. In kai yara makaranta, maimakon in tafi ɗakin karatu sai in sauka Titiwangsa in yi ta zagaya tafkin da ke wurin kamar mai neman abin da ya yar, ruwan sama ya sauko da la'asar ina tafe ban ma buɗe lema ba. Babi ɗaya ya rage min in gama, na buɗe shi ya fi sau hamsin ban ƙara layi ba. Na ƙona miya sau uku a sati guda, kuma duk sanda na ji ƙauri sai in ji muryar tana cewa sannu da aiki Uwata.

Maigidana ya ga na rame, ya tsare ni a wani shagon Indiyawa Musulmi, irin wanda ake ce wa mamak, da muke zuwa shan shayi. Ban iya gaya masa duka ba, na ce masa ina shakka ne kawai, wataƙila ban ji daidai ba a lokacin. Mutumin kirki ne, amma ɗan kasuwa ne, komai a wurinsa akwai yadda za a daidaita.

"To shi ke nan ai, relax lah," ya ce, irin maganar 'yan Malesiya. "Ki ce musu sound ɗin ba clear ba ne, ba ki da tabbas. Ba ki ce mana ba, ba ki ce masa ba. Wata nawa ya rage ki yi submitting? Ke kika haƙa ramin ma'adinan? Ki gama mu tattara mu tafi, in ya so ki yi ta istigfari."

Sai maganar ta kuɓuce min, na ce masa in na ce ban da tabbas alhali ina da shi, hannuna a kan Alƙur'ani, me sunan wannan? Ya juya cokali a cikin shayinsa, sannan ya ce in tuna takardar zamansa da ta yara duk a jikin tawa suke rataye, in na faɗi gaba ɗaya muka faɗi. Kuma gaskiya ya faɗa. In na ce na canza da gangan, na amsa cewa na sa hannu a kan ƙarya, gidauniya za ta janye, makaranta za ta iya korata, ban ma san me kotun za ta yi da ni ba. In na tsaya a kan masa, shari'ar garinmu ta samu rauni a daidai inda ta fi ƙarfi, a mayar da Goggo maƙaryaciya a rubuce, ita da ko goro ba ta taɓa ɗauka ba da izini ba. Gaba kura baya sayaki.

Akwai abin da ban gaya wa maigidana ba, ban gaya wa lauya ba, ku ne farkon ji. Kwana tara bayan na miƙa fassarar, Goggo ta sa an ɗaukar mata saƙon murya aka turo min. Yana nan a wayata, na kwafe shi wuri uku don kada ya ɓata, kuma kullum ina fatan ya ɓata. Babu inji, babu iska, muryarta tas:

"Uwata, an ce maganar da na yi wa masu hoton nan a hannunki ta faɗa, ke za ki juya musu. To alhamdu lillahi, bakina ya isa inda nake so. Na ce Allah ya saka mana, kuma ban janye ba. Ki kai musu ita yadda take, kada ki sa mata sukari."

Kun san amsar da na mayar? Na ce to Goggo, in sha Allahu. A lokacin littafi bai fita ba, da na koma na ce na yi kuskure, da gyara ɗaya za a yi a wuce wurin. Ban koma ba. Wannan saƙon kaɗai ya isa ya kashe gardamar gaba ɗaya, kuma shi ne zai nuna cewa na sani na yi shiru fiye da shekara.

Shekaranjiya babban ɗanta, Yayanmu, ya kira ni ta bidiyo. Su a can murna suke, sun ji an ce ni zan ba da shaida, a wurinsu shari'a ta ƙare tunda 'yar gida ce za ta yi magana. Ba su san ni na rubuta masa ba, sun ɗauka Turawan kamfani ne suka murɗa bayan na miƙa fassarar. Ya ce har an yi saukar Alƙur'ani an roƙa min ƙarfin zuciya. Sai ya ce bari ya kai ni wurin tsohuwa. Ya sa mata wayar a gaban fuska, tana kwance a kan tabarma, ta rame ta koma kamar yarinya. Na ce Goggo ni ce. Ta ƙura min ido, leɓenta yana motsi, sai ta ɗaga hannun hagun da ya rage mata, ta taɓa bakinta, sannan ta nuna ni. Yaya ya yi dariya ya ce, kin gani, cewa take ke ce bakinta yanzu. Na ce masa layin ba kyau, na kashe wayar.

Anti, 'yan uwa, ba na neman a ce min ba ni da laifi. Ina tsoron Alƙur'ani, ina tsoron talauci, ina tsoron ranar da garinmu za su san wace ce ta murɗa maganar, kuma ina jin kunyar mutumin da ya riƙe ni lokacin da nawa suka yar da ni. In je wurin Dattijon tun kafin Alhamis in gaya masa abin da ya tambaye ni a gaban hoton? In tura wa lauyoyin garinmu saƙon muryar in jira abin da zai biyo baya? Ko in bi shawarar maigidana in ce ban ji sosai ba, in tsira da 'ya'yana? Malamai da lauyoyin da ke cikin shafin nan, don Allah ku yi min magana. Na so in fara da roƙon Goggo gafara, har na ɗauki waya, sai na tuna ko ta yafe min babu bakin da za ta faɗa da shi, bakin yana wurina. Kwana biyar ya rage. Me zan yi?